Tudun Dakta Na-faɗa

A sashen labarin ƙasa na jami'ar babu wanda ya kai Dakta Na-faɗa daɗewa a kujera guda. Ɗaliban da ya koya wa karanta taswira sun je sun dawo, wasu ma yanzu su ke sa hannu a takardar hutunsa, shi kuwa yana nan a matakin da ya taka tun kansa na da gashi. Sunan ma ba na yanka ba ne. Duk abin da ya faru a duniya, ambaliya ce a wata nahiya ko tayar mota ce ta fashe a bakin ƙofa, sai ya gyara tabarau ya ce, "Ai na faɗa." Ba a taɓa samun wanda ya ji lokacin da ya faɗa ɗin ba, amma sunan ya bi shi har gida.

Abin da ke cin ransa shi ne ƙarin girma. Ba a hawa sai da binciken da aka buga, shi kuma duk rubutun da ya aika wa mujalla sai masu tantancewa su dawo masa da shi da gyare-gyaren da suka fi rubutun tsawo. In an tambaye shi, cewa yake yi ya yi musu nisa ne. To ana gab da damina Farfesa, shugaban sashe, ya kira shi ofis ya gaya masa gaskiya ba ƙunbiya-ƙunbiya: bana ce damarsa ta ƙarshe, in ta wuce sai dai ya yi ritaya a inda yake. Kwamiti na son aiki guda da aka buga, wanda kuma jama'a suka amfana da shi a zahiri. Dakta ya fito yana murmushi, amma sai da ya tsaya a bayan ƙofa ya share gumi, don ya tsorata ƙwarai.

Washegari ya shiga ɗakin shan shayin malamai da sabuwar aƙida. Ya ce an daɗe ana zaluntar talaka: a yi bincike da dukiyar jama'a, a kan ƙasar jama'a, sannan manyan mujallu su kulle shi sai mai hali ya karanta. Ya ce shi daga yau a buɗe zai riƙa bugawa, kowa ya ɗauka kyauta. Maganar gaskiya ce, sai dai ba tausayin talaka ne ya kawo shi gare ta ba. Ji ya yi akwai wani rumbu a intanet da mutum ke ɗora rubutunsa duniya ta gani tun kafin mai tantancewa ya sa masa ido. Ya bayyana cewa zai zana taswirar ambaliya ta unguwarsu, gida-gida, wanda ruwa zai ci da wanda zai tsira.

A gefe akwai wata malama da ake kira Mai Takalmi, saboda takalman robar da ba sa rabuwa da bayan motarta. Ambaliya ce fanninta, rabin rayuwarta a cikin kwata da rafi ta yi shi.

Ta ce, "Buɗewa daban, tantancewa daban, Dakta. Ni ma a buɗe nake bugawa, amma sai wani ya duba. Kawo in karanta maka, mu kuma zaga unguwar da ƙafa."

"Da ƙafa? Malama, zamanin shiga taɓo ya wuce. Tauraron ɗan'adam na can sama yana auna tudu da kwari, ke kina nan ƙasa kina wankin safa."

"Tauraron abin da ya fara tararwa daga sama yake aunawa. Sai ka tabbatar..."

"Na tabbatar tun kina firamare."

Ta ci gaba da juya shayinta.

Unguwar tasu sabuwa ce, layi guda mai tsawo, kuma da ranin nan aka gina wani babban titi mai tudu a ƙarshenta. Ba wanda ya san inda ruwa zai bi bana, hankalin kowa a tashe yake. Dakta ma da ranin ya sayi gidansa a hannun Dillali, gida na ƙarshe, bayansa jingine da sabon titin. Abin da ya fi burge shi ƙatuwar bishiyar mangwaron da ta rufe tsakar gidan da rabin rufin, wadda yake gaya wa baƙi cewa shi ya ba da shawarar kada a sare ta.

Ya kulle kansa a ɗaki da kwamfuta, ya sauko da awon tauraro, ya hana yara motsi. Da taswira ta fito, layin duk ja ne da rawaya, sai wuri guda a can ƙarshe da ya yi kore shar, ya taso kamar ƙaramin dutse. Ya duba da kyau, ya ga gidansa ne. Ya ƙwala wa matarsa kira ta zo ta ga irin mijin da Allah ya ba ta, mutumin da ya sayi tudu tun kafin ya auna.

Matar malamar makaranta ce, ba ta da yawan magana. Ta leƙa ta ce, "Baban yara, to me ya sa in na dawo daga aiki gangarowa nake yi? Jiya ƙwallon yaran maƙwabta tun daga shagon Tela ta mirgino har ƙofarmu."

Ya yi mata bayanin cewa ido na yaudara, ƙafa ma na yaudara, ƙwallo kuwa ba ta yi karatu ba. Ta ce to, ta koma kicin.

A ranar ya ɗora aikin a rumbu. Da aka zo zaɓen sharaɗi, ya zaɓi mafi sakin mara: kowa na iya kwafa, ya raba, ya gyara, ya canza yadda ya so, muddin zai rubuta sunan mai aikin na asali. Wannan sharaɗin suna shi ya fi yi masa daɗi. Sannan ya buga taswirar ƙatuwa, ya manna a allon katako, ya kafa a ƙofar gida, ya ɗauko kujera ya zauna yana jiran godiya.

Tela ne ya fara zuwa, da tef a wuya. Shagonsa na can saman layi, ɗan gini ne gajere ba ko inuwa a kansa, ga shi a taswira ja wur. Ya tambayi laifin da ya yi. Dakta ya ce ba shi ya saka masa ja ba, kimiyya ce. Tela ya ce to a gaya wa kimiyya wata mata ta zo ta karɓe yadinta ɗazu, ta ce ba za ta bar kaya a shagon da ruwa zai tafi da shi ba.

Bai rufe baki ba sai ga Mai Kaji, wanda ke kiwo a bayan gidansa. Shi rawaya aka ba shi, kuma abin da ya ɓata masa rai ke nan.

"Dakta, in mutuwa ce ka ce mutuwa, in rayuwa ce ka ce rayuwa. Mene ne rawaya?"

"Rawaya na nufin akwai yiwuwa."

"Yiwuwar me?"

"Ko ya ci ka, ko kada ya ci ka."

"Wannan ai ni ma na sani tun ban zo ba."

Dakta ya ce ai shi ya sa ake son a haɗa ilimin boko da na jama'a, ga shi sun dace.

Dillali bai zo ƙorafi ba. Ya zo da tabarau, ya karanta ƙananan rubutun da ke ƙasan allon a tsanake, ya tambaya ko da gaske ne kowa na iya gyarawa. Dakta ya buga ƙirji ya ce shi ba ya rowar ilimi. Dillali ya yi godiya ya wuce shagon fotokofi. Kafin mako ya zagayo wata taswira ta bayyana a jikin falwaya, iri ɗaya sak, sai dai duk gidan da Dillali ke neman mai saye ya koma kore. A ƙasa an rubuta sunan Dakta da manyan baƙi, kamar yadda sharaɗi ya tanada.

Daga nan abin ya ɓalle. Tela ya buga tasa, shagonsa kore, shagon ɗaya telan da ke ƙwace masa kwastomomi ja har da ɗigon baƙi. Mai Kaji ya buga wadda akurkinsa ya yi kore amma ɗakin ƙaninsa da suke rigimar iyaka ya nutse. Wata mai gidan haya ta mayar da ɗakunanta ja don masu haya su tashi, masu hayar suka haɗu suka buga tasu. Kowace da sunan Dakta a ƙasa, ba wanda ya tauye masa haƙƙi. Wata rana da hantsi maza biyu suka cakumi kwalar juna a ƙofarsa, kowa da taswira a hannu, suna neman ya faɗi wadda ta fito daga gare shi. Ya duba, ya sake dubawa, shi kansa sai da ya nemi gidansa ya ga ko kore ne, ya tarar a duka biyun ba a taɓa shi ba. Wannan ya faranta masa rai, ya ce duka suna da ƙamshin gaskiya.

Amma da aka fara tare matarsa a hanya ana tambayarta launin gidaje, ya je shagon fotokofi ya ce a daina. Mai shagon ya nuna masa sharaɗin da yatsa. Ya koma gida zai janye aikin daga rumbu, rumbu ya sanar da shi cikin ladabi cewa abin da aka ɗora ya ɗoru, sai dai ya ƙara sabon gyara a kai, tsohon kuma yana nan ga mai son gani. A nan ne idonsa ya faɗa kan adadin waɗanda suka sauke aikin. Ya ga sun yi yawan da bai taɓa mafarki ba. Bai san cewa rabinsu yaron shagon fotokofi ne ba. Take ya fasa janyewa, ya buga wa Farfesa waya ya gayyace shi ya zo ya ga yadda bincike ke shiga jinin al'umma.

Ana saura kwana kaɗan taron tarbar Farfesa, rediyo ta ce a shirya wa ruwa mai ƙarfi. Nan mutanen layi suka zauna suka yi lissafi. Taswirori sun yi yawa, ba wanda ya yarda da ta wani, kowa kuma ya san yadda aka yi tasa ta zama kore. Gida ɗaya ne kawai duk taswirorin suka yi ittifaƙi a kansa, gidan Dakta.

Da safiyar ranar taro Tela ya turo keken ɗinkinsa a baro, da buhunan yadin mutane. Ya ce tunda an ce shagonsa ja ne, to ga amana. Mai Kaji ya kawo kejuna ya jera a tsakar gida. Aka shigo da katifu, da talabijin, da buhunan siminti, da akwatunan wata amarya, da wata tsohuwar firji da maza huɗu suka ɗauko suna nishi. Wasu da imani suka kawo, wasu don su ƙure shi, amma nauyin kayan ɗaya ne. Falo ya cika, ɗakin yara ya cika, har ɗakin karatun Dakta, inda kwamfutarsa da takardunsa na shekaru suke, sai da aka cusa masa kujerun roba. Shi kuwa yana tsaye a ƙofa da babbar riga yana ɗaukar hoto, yana cewa a shigo da su, tudu ba ya ƙin baƙo.

Matarsa ta kalli sama, ta kalli layin, sannan ta tambayi Tela ko shagon nasa yanzu babu kowa. Ya ce fayau yake. Ta karɓi makulli, ta haɗa tufafinta da na yara da takardun makaranta, ta tasa yaran gaba suka haura. Dakta ya ce mata tana barin kore tana tafiya ja, mutane na kallo. Ta ce ai ba nisa, in ya neme ta ya hauro.

Farfesa ya iso bayan azahar da takalmi mai sheƙi. Ya bar motarsa a saman layi, ya gangaro a ƙafa, yana tafe yana taka birki da dunduniya. Dakta ya tarbe shi da cewa barka da hawowa. Farfesa ya waiga ya dubi hanyar da ya biyo. Aka zaunar da shi a ƙarƙashin mangwaro, kusa da tsanin da aka jingina don ɗaura ƙyallen maraba, kaji na kallonsa ta cikin keji. Dakta ya fara jawabi. Ya yi magana a kan ɗumamar yanayi, da 'yantar da ilimi daga hannun 'yan kasuwa, da wasu abokan aiki da har yanzu suke auna duniya da tafin ƙafa. Yana cikin nuna kayan jama'a a matsayin hujjar amfanin bincikensa aka fara yayyafi. Ya ɗaga hannu ya ce, "Ai na faɗa."

Ruwan bai yi wasa ba. Kafin a gama tattara kujeru layin ya zama rafi, kuma duk ruwan da ya sauka daga shagon Tela zuwa ƙasa hanya ɗaya ya sani. Ya gangaro, ya tarar da sabon titi ya tare gaba, ya juyo ya shiga ƙofar da ya samu a buɗe. Dakta ya ce wucewa zai yi. Da ruwan ya kai idon sawu, ya ce ragowar na saman tudu ne ke neman hanya. Da ya kai gwiwa jama'a suka daina sauraron bayani, kowa ya wawuri abin da ya iya ya yi waje. Allon taswirar ya tumɓuke, ya zo ya tokare ƙofar gidan a gicciye, katifu suka taru a bayansa. Waɗanda suka rage a ciki uku ne: Dakta, da Farfesa da ke lalubar takalminsa ƙafa ɗaya, da Mai Kaji da ya tsaya buɗe kejuna.

Ba wanda ya ba da shawarar tsani, kawai ganin juna suka yi a kai. Farfesa ya samu reshe mai kauri ya rungume. Mai Kaji ya haye na sama da shi, kajinsa suka bi shi suka jeru. Dakta ya zauna a wata gwafa, babbar riga ta manne masa, yana kallon takardunsa suna fitowa ta tagar ɗakin karatu ɗaya bayan ɗaya suna zagaya tsakar gida. A nan kam tsoro ya kama shi, don ya san abin da ke tafiya ba takarda kaɗai ba ce.

Da ruwan ya tsagaita, mutanen unguwa suka zagayo suka tsaya a kan sabon titi, wanda tsayinsa ya zo daidai da rassan. Kusan fuska da fuska suke da na kan bishiya. Cikinsu har da Mai Takalmi, da lema da takalmanta, ta zo duba inda ruwan ya taru kamar yadda ta saba. Ta gaida Farfesa da ladabi, ta tambaye shi ya aiki. Sannan ta ciro taswirar daga jaka, ta asalin, ta dubi koren, ta dubi bishiyar tun daga saiwa har ƙoli.

"Dakta, ka cire tsayin itatuwa da rufin gidaje kafin ka yi lissafi?"

"Wane irin cirewa?"

"Tauraron bai ga ƙasar gidanka ba. Ganyen mangwaron nan ya auna. Tudun naka ga shi nan, kana zaune a kai."

Tela ya nemi a fassara masa, aka fassara, ya zauna a bakin titi ya riƙe kai yana kiran sunan kekensa. Dillali ya sulale ta bayan mutane.

Dakta ya gyara tabarau, ya dubi reshen da yake kai, ya dubi ruwan da ke ƙasa.

"To ai magana ta fito. Inda tauraro ya auna, ruwa ya zo wurin? Farfesa, kai shaida ne. Nan da muke, a bushe muke ko a cikin ruwa?"

Wata kaza ta sauka a kafaɗar Farfesa, kuma ba shi da hannun korar ta. Daga baya ya ce, a hankali, "Dakta, in Allah ya sauke ni lafiya, ka same ni a ofis."

Da igiya da tsanin masu gyaran wuta aka sauke su, gaban kowa, ana ɗauka a waya. Wannan ma a buɗe aka sake shi, kuma ya fi taswirar yawo.

Kwamiti bai ɓata lokaci ba. Farfesa ya rubuta cewa aikin ya shiga jama'a fiye da duk wanda sashen ya taɓa fitarwa, shi da kansa ya gani, kuma ba ya fatan ya sake gani. Ƙarin girma bai zo ba. Aikin kuwa ya ƙi mutuwa: malamai a jami'o'in da Dakta bai taɓa jin sunansu ba suka riƙa sauke shi suna koya wa ɗalibai abin da ke faruwa in an manta da bishiya. Kowannensu yana rubuta sunansa cikakke, ba kuskuren harafi. Ya rubuta wa rumbu yana roƙon ko sunan ne a cire, aka amsa masa cewa sharaɗin da ya zaɓa bai yarda a raba shi da aikinsa ba.

Ranar da sakamakon ya fito ya dawo gida ya zauna a kan bokiti, don kujerun suna rana. Ya gaya wa matarsa. Ya sunkuyar da kai yana jiran ta faɗi kalmomin nan uku, tunda ita kam ta faɗa, kuma an ji. Ba ta faɗa ba, kuma shirun ya fi yi masa ciwo. Ta shiga ɗaki ta fito da leda ta ajiye a gabansa, ta ce Mai Takalmi ce ta aiko, wai za ta sake auna layin ranar Asabar kuma tana neman wanda zai riƙe mata sanda. Takalman roba ne, sababbi, daidai ƙafarsa.

Ranar Asabar Tela na bakin shago yana goge tsatsar kekensa sai ya hango Dakta tsakiyar kwata, taɓo har ƙauri, riƙe da sandar awo, Mai Takalmi na can nesa tana yi masa nuni ya miƙar da ita. Da ya zo daidai shagon ya tsaya ya huta, ya gyara tabarau da bayan hannu.

"Ka gani ko, Tela? Ƙasa sai an taka ta da ƙafa. Ai na faɗa."

Tela ya dube shi, ya dubi keken, ya ce masa sandar ta karkace.